Masu Karanta Ƙasa Kafin a Yanka Fuloti

A lardin Ontario na ƙasar Kanada, mutumin da ke da gona mai hekta 20 a bayan gari, inda famfon gwamnati da babbar magudanar najasa ba su kai ba, idan ya yi niyyar yanka ta fuloti-fuloti ya sayar, abin da zai fara kashe wa kuɗi shi ne ramuka. Tun kafin a ja layi ɗaya a takarda, motar haƙa za ta shigo gonar ta tona nan, ta tona can, kowane rami zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan ta ja gefe ta kashe inji. Daga nan aiki ya koma hannun wani mutum, ko wata mata, mai takalmin roba da wuƙa da tef ɗin awo da gorar ruwa da ɗan littafi. Abin da ya rubuta a littafin nan shi zai faɗi gida nawa gonar za ta ɗauka, ashirin ne, goma sha biyu ne, ko kuwa ba za ta ɗauki ko ɗaya ba.

Dalili kuwa shi ne, a irin wannan wuri kowane gida shi zai haƙa rijiyarsa, shi kuma zai ji da ƙazantarsa a cikin filinsa. Ruwan bayan gida da na wanka da na wanke-wanke duk suna taruwa a wani tanki da aka binne, mai ɗaki biyu a ciki. A ɗakin farko abu mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwan tsakiya ya tsallaka ɗaki na biyu. Dabarar ta tsufa, domin wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ya yi mata rajista tun 1881. To amma tankin ba ya tsarkake ruwan. Ruwan da ke fita daga cikinsa yana nan ɗauke da ƙwayoyin cuta. Daga nan ake rarraba shi a bututai masu huji-huji da aka shimfiɗa cikin gajerun ramuka a kan tsakuwa, ya riƙa ɗiga a hankali, ƙasa ta tace shi, ƙananan halittun da ke cikinta su cinye dattin. Ƙasar ce injin tacewar. Shi ya sa ake son a san irin ƙasar kafin a ɗora mata wannan aiki.

Ga yadda gwanin ke yi. Ba ya faɗawa rami mai zurfi haka kawai, don bango na iya ruftawa; yakan sa mai mota ya sassake gefe ɗaya ya yi masa matakai. Ya rataya tef daga bakin rami zuwa ƙasa. Sai ya ɗauki wuƙa ya riƙa ɓantarar bangon, saboda haƙoran motar sun shafe fuskar ƙasar, sun ɓoye yadda take. Da ya ɓantare, sai hawa-hawan ƙasar su fito: baƙar ƙasar noma a sama, wata ja-ja a ƙarƙashinta, wata kuma can ƙasa. Kowane hawa sai ya auna inda ya fara da inda ya ƙare. Ya cake shi da wuƙa ya ji ko tana shiga da sauƙi. Ya duba saiwoyi: inda suka gangara tsaye suka zo wani wuri suka karkace suka bi gefe, akwai abin da ya tare su, ko ƙasa mai tauri ko ruwa.

Sannan ya ɗebi ɗan ƙasa daga kowane hawa, ya ɗiga masa ruwa daga gora, ya murza a tafin hannu. Idan ya dunƙula ta ta watse, yashi ne. Idan ta dunƙulu, sai ya matsa ta tsakanin babban yatsa da manuni, yana tura ta gaba har ta fito faffaɗa siririya. Wadda ta karye nan da nan, yumɓun cikinta kaɗan ne. Wadda ta yi tsawo tana lilo ba ta karye ba, yumɓu ya yi mata yawa, ruwa zai sha wuya kafin ya ratsa ta. Ya kan kuma shafa ta da ruwa mai yawa ya saurari yatsunsa: ƙaiƙayin yashi daban, santsin turɓaya daban, danƙon yumɓu daban. Wanda ya daɗe yana wannan aiki yakan faɗi irin ƙasa da hannu, in an kai samfurin ɗakin gwaji aka tankaɗe aka auna, a tarar bai yi nisa da gaskiya ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne karatun launi. A Ontario ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso sosai a watan Afrilu, lokacin da ƙanƙarar hunturu ke narkewa, ya kuma janye a Agusta. Mai gona mai wayo zai so a haƙa ramin gwaji a Agusta, a leƙa a ga ƙasa a bushe ƙayau. Amma ruwa yana barin sawu. Akwai sinadarin ƙarfe a cikin ƙasa, shi ke ba ta launin ja ko ruwan ƙasa matuƙar iska na shiga. Inda ruwa ya kwanta makonni ya hana iska shiga, ƙarfen nan yakan narke ya gudu, wurin ya koma toka-toka, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi. Inda kuwa ruwa ke zuwa yana komawa kowace shekara, sai ƙasar ta yi dabbare-dabbare, toka nan, tsatsa can. Gwanin yana ɗauke da littafin launuka da ake kira Munsell, kowane shafi da ƙananan launuka jere, da huji kusa da kowanne. Ya kara ɗan ƙasa a bayan hujin, ya matsa har launi ya dace, ya rubuta lambarsa. Inda dabbare-dabbaren suka fara, nan ya sa alama a tef: iyakar da ruwa ke kaiwa ke nan a lokacin cikarsa, ko da yau babu ɗigo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Hausawa, wannan kuma rami ne na zahiri.

Dokar gine-gine ta lardin, wadda tun 1998 ita ke kula da irin wannan tsari na ƙananan gidaje, ta ce dole a sami ƙasa mai kyau, wadda ruwa bai jiƙe ba, kauri santimita 90 tsakanin ƙasan ramin bututu da wannan iyakar ruwa, ko falalen dutse, ko yumɓun da ba ya shan ruwa. A cikin wannan tazara, wadda ba ta kai mita ɗaya ba, ake yin duk tacewar.

Bayan ido da hannu, sai agogo. Wani injiniya na jihar New York a Amurka, Henry Ryon, shi ya fito da gwajin tsotsar ruwa a shekarun 1920, har yau kuma ba a canza shi sosai ba. Ana haƙa ɗan rami mai faɗin santimita 10 zuwa 30 a cikin hawan ƙasar da za a shimfiɗa bututu. Aƙalla ramuka uku ake yi, a warwatse. Kafin a zuba ruwa, sai a karce bangon ramin da ƙusa ko bakin wuƙa, domin shebur yakan goge yumɓu ya toshe ƙofofinsa kamar yadda maginiyar tukwane ke goge cikin tukunya don kada ta yi yoyo. A kwashe ɓurɓushin, a zuba yashi ko ƙananan tsakuwa kaurin santimita 5 a ƙasa, don kada zubar ruwa ta dama ƙasan ramin. Sai a cika ruwa.

Nan ne haƙuri ke shigowa. Busasshiyar ƙasa tana shan ruwa da gaggawa, musamman yumɓun da ya tsattsage saboda zafi. Wanda ya fara ƙirga a wannan lokaci zai sami lamba mai daɗin ji, amma ta bogi. Don haka, in ba yashi ba ne zalla, ana riƙe ruwa a ramin aƙalla awa huɗu, ana ƙarawa yana raguwa, sannan a bar ƙasar ta kwana ta kumbura, tsagogin su rufe, ta koma yadda za ta kasance bayan shekaru tana shan ruwan gida kullum. Washegari a gitta katako a bakin ramin ya zama wurin da ake aunawa daga gare shi, a daidaita ruwa santimita 15 bisa tsakuwa, a duba agogo. Duk rabin awa a sa ma'auni a ga nawa ya sauka, a mayar da ruwan inda yake, a sake. Haka za a yi ta yi har saukar ta daina canzawa. Abin da ake nema lamba ɗaya ce: minti nawa ruwa ke ɗauka kafin ya sauka santimita ɗaya. Cikin ramukan uku kuma, ba a haɗawa a raba. Wanda ya fi nawa shi ake ɗauka.

Kwana biyu ke nan a kan ramin da bai fi bokiti girma ba. Mai ƙyuya zai iya zuba ruwa sau ɗaya, ya koma mota ya sha shayinsa, ya dawo ya rubuta lamba. Ba wanda zai kama shi a ranar. Sai bayan shekara biyar ko shida, wata safiya, matar gida ta ga ciyawar bayan gida ta yi kore shar a layi-layi, ƙasa na lumawa in an taka, ga wari.

Lambar nan tana da iyaka ta ɓangare biyu. In ta wuce minti 50, ƙasar ta yi tauri, ruwa zai taru ya fito sama. In ba ta kai minti ɗaya ba, ta yi sako-sako da yawa, ruwa zai zarce ƙasa da dattinsa bai tsaya an tace shi ba. Mutane kan ɗauka ƙasar da ke shanye ruwa nan take ita ce mai kyau, alhali ita ce ta fi saurin kai cuta rijiya.

Daga nan sai lissafi, mai sauƙi kuma. Doka ba ta ƙirga mutanen gida, tunda yau su biyu ne, gobe an sayar wa mai iyali bakwai. Ɗakunan kwana take ƙirgawa. Gida mai ɗaki uku an yi masa ƙiyasin lita 1,600 a rana, mai huɗu lita 2,000. Tanki ya ninka wannan sau biyu, kada kuma ya gaza lita 3,600. Tsawon bututu kuwa: a ninka litocin da mintocin, a raba da 200. Gida mai ɗaki uku a ƙasar da ke ɗaukar minti 5 yana buƙatar mita 40. A ƙasa mai minti 20, mita 160. A mai minti 50, mita 400. Gida ɗaya, mutane ɗaya, amma bambancin ninki goma, duk saboda abin da yatsa da agogo suka gano. Kowane layi ba ya wuce mita 30, tsakanin layi da layi aƙalla mita 1.6, saboda haka mita 160 layi shida ne. Da jimillar ta kai mita 150, sai an ƙara famfo ko wata na'ura mai tura ruwan a dunƙule, in ba haka ba farkon bututun zai jiƙe, ƙarshensa ya zauna a bushe. Gangaren bututun ma an ƙayyade shi: santimita 3 zuwa 5 a kowace mita 10. Ido ba ya ganin wannan, sai da na'urar daidaita tsayi. Kuma ba a rufe ramukan sai sufeto ya zo ya gani da idonsa.

Inda ƙasa ta gaza, kamar yumɓun kewayen Ottawa, ko yankin Muskoka inda dutse ke kusa da fuska, ba lallai a haƙura ba. Ana sayo yashin da aka gwada, a tara shi tudu, a shimfiɗa bututun a cikinsa, a kuma baza wani yashin mita 15 ta ɓangaren da ruwa zai gangara. Yana aiki, sai dai yana cin kuɗi, yana kuma cin fili.

Yanzu mai tsara fili ya ɗauki taswira ya fara zagaye. Rijiyar burtsatse mai bututun ƙarfe da ya nutse aƙalla mita 6, a ba ta tazarar mita 15 daga bututan najasa. Rijiyar haƙa ta hannu, mita 30. Tafki ko rafi, mita 15. Ginin gida mita 5, iyakar maƙwabci mita 3. Rijiyar maƙwabci ma tana da nata da'irar, wadda ba ruwanta da katanga. Ƙananan hukumomi da yawa sukan ce a ware wani wurin na biyu a ajiye, don ranar da na farko ya gaji. Abin da ya rage bayan an cire duk wannan, nan gida zai zauna.

Saura abu ɗaya da ƙasa ba ta iya tacewa, wato naitiret, sinadarin da fitsari da bayan gida ke rikiɗewa su zama. Yana bin ruwa duk inda ya je, in ya yi yawa a ruwan sha kuma yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata. Maganinsa kawai a tsarma shi da ruwan sama. Ƙa'idar ma'aikatar muhalli ta 1996 ta ce kada ya wuce miligiram 10 a lita a iyakar filin da aka yanka, ta kuma ƙiyasta cewa kowane gida na fitar da giram 40 cikin ruwa lita 1,000 a rana. Ke nan ana buƙatar lita 4,000 don a tsarma shi, 3,000 daga ciki daga sama za su zo. A ce ƙasar wurin tana shanye ruwan sama kaurin santimita 20 a shekara: kowane gida sai ya sami fili fiye da rabin hekta. Fulotin da muka saba da shi, ƙafa 50 a 100, sai an jera kusan 12 kafin a kai haka. In mai gona ba ya son dogon bincike, ƙa'idar ta ba shi hanya: ya yanka fulotai masu matsakaicin girman hekta ɗaya.

Duk wannan rabin aikin ne. Dokar tsara garuruwa ta lardin ta ba ƙaramar hukuma ikon ta karɓi har kashi 5 cikin ɗari na filin da za a yanka don gidajen zama, ko kashi 2 in na kasuwanci ne ko masana'antu, ta mayar da shi filin shaƙatawa na jama'a. Gonarmu mai hekta 20 za ta ba da hekta ɗaya, wadda ta isa filin ƙwallo cikakke har da rarar wurin bishiyoyi da lilon yara. Lissafin ba wuya. Wuyar ita ce wace hekta.

Mai gona ya san inda ba zai sayu ba: gangaren da ke bayan gonar, fadamar da ruwa ke kwanciya, siririn yankin da ke ƙarƙashin wayar lantarki. Nan zai nuna da fara'a. Ma'aikacin tsara gari da ya san aikinsa ba ya amsawa daga ofis. Yakan sa takalmi ya taka wurin, ya fi so ma bayan an yi ruwa. Yana neman wuri shimfiɗaɗɗe wanda ke tsanewa da wuri, mai fuska a bakin titi yadda mai wucewa zai ga abin da ke faruwa a ciki, ba lungun da ke bayan katangun mutane ba. Yana auna tafiyar ƙafa daga gida mafi nisa, yana tambayar kansa ko yaro zai iya zuwa bai tsallaka babban titi ba. Yana kuma duba gonar da ke maƙwabtaka: in an ajiye filin a kan iyaka, ranar da aka zo yanka waccan sai a haɗa kason biyu su zama fili ɗaya babba. Wannan hangen shekara goma ne ko ashirin, kuma wanda ya yi shi ba lallai ya ga amfaninsa yana kan kujerar ba.

Wuraren ambaliya kuwa, hukumomi da yawa ba sa ƙirga su cikin kason. Suna hana gini a kansu, amma ba sa yarda a biya bashi da su. Sun koyi darasin da tsada: a Oktoban 1954 guguwar Hazel ta kashe mutum 81 a Ontario, 35 daga cikinsu a titi ɗaya, Raymore Drive, a bakin kogin Humber. Ba a sake gina gidajen da ruwa ya share ba, wurin yanzu filin shaƙatawa ne.

In yankan ƙarami ne, fuloti ɗaya ko biyu, kashi 5 ba zai isa komai ba, sai hukuma ta karɓi kuɗi a madadin ƙasa. Mai ƙiyasin daraja zai yi wa filin kuɗi kamar yadda yake kwana ɗaya kafin a amince da taswirar yankan, wato kafin amincewar ta ɗaga farashinsa. Kuɗin kuma asusu na musamman suke shiga, ba a biyan albashi da su, ba a gyaran titi da su, sai harkar filayen shaƙatawa. Inda ake gina benaye masu gidaje da yawa akwai wani ma'auni dabam, wanda a da hekta ɗaya ne ga kowane gida 300. A 2022 gwamnatin Doug Ford ta mayar da shi hekta ɗaya ga gida 600, don a rage tsadar gini. A ganina an yi arha da abin da ba a iya sayowa daga baya, domin unguwa in ta cika, babu inda za a samo fili kuma.

Sai a ƙarshe ɗan safiyo mai lasisi ya zo ya kafa rodi a kusurwoyi, manyan cikinsu tsawon santimita 120, a yi wa taswirar rajista. Kafin wannan rana, sayar da fuloti ko ɗaya daga gonar bai halatta ba.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ya san kishiyar wannan, wato awon igiya: dillali da mai gona su ja igiya da safe, kafin la'asar an sayar, ba filin makaranta, ba na wasa, lungu da ƙyar kura ke wucewa. Ba na cewa a kwafo lambobin Ontario a liƙa wa marmara da jigawarmu. Ruwan samanmu daban, ƙasarmu daban, kuma shadda da sokawe sun fi waɗancan bututai nutsewa kusa da ruwan ƙasa. Amma lamba ɗaya ta cancanci a tsaya a kanta. Mita 30 da suke bari tsakanin najasa da rijiyar haƙa, ita ce tsawon fulotinmu gaba ɗaya, daga ƙofa zuwa katangar baya. Kafin ka haƙa rijiya a sabon gida, ka tambayi maƙwabtanka na dama da hagu da na baya inda shaddarsu take, ka auna da tef, ka kuma kai ruwan a gwada shi a tsakiyar damina.